Yadda ake zaɓar ƙasar ciko da daɓe ta kafin a zuba kankaren ƙasa

Shekara biyu bayan mun gama wani gida a bayan garin Kano, mai gidan ya kira ni in zo in ga falonsa. Na ƙwanƙwasa tayil da makulli, ya yi ƙara kamar ganga. A kusurwar gabas daɓen ya rabu da bango har yatsana yana shiga. Bulo lafiya lau, rodi lafiya lau, ciko ne ya zauna. Tifa uku aka juye lokaci ɗaya, aka baje, aka sakar wa ƙasar ruwa kwana biyu, aka ce ta daku. Ni na bari aka yi haka saboda mai gida yana sauri, kuma har yau abin yana damuna. Ga yadda nake yi tun daga ranar.

Da farko a kankare ƙasar sama gaba ɗaya, wadda ke da saiwoyi da ciyawa da taki, ko da za a tafi inci 6 ko fiye. Duk abin da zai ruɓe zai bar rami. In filin tsohon kududdufi ne ko juji da aka cike, kamar yadda ake samu a unguwanni da dama na Kano, kada ka taɓa komai sai injiniya ya gwada ƙasar. Harsashin gini kuwa a kan ƙasar asali mai tauri ake ɗora shi. Ba a ɗora shi a kan cikon da ba a gwada ba.

Ƙasar da na fi amincewa da ita jar ƙasa ce, marmara mai tsakuwa a ciki, irin wadda ake burji da ita. Tana da manya da ƙananan ƙwayoyi, ƙananan suna shiga tsakanin manyan su kulle. Kafin direban tifa ya juye, hau ka ɗebo daga tsakiyar kaya, domin wani lokaci saman ne kawai ja. Jiƙa ta kaɗan, ka murza a tafin hannu. In ta yi dogon zare siriri bai katse ba, tana maƙale wa yatsu kamar ƙullun tuwo, yumɓu ya yi yawa, mayar da ita. In kana da lokaci, zuba ta a gorar ruwa, ka girgiza sosai, ka ajiye. Yashi zai kwanta nan take, laka ta biyo baya, yumɓu ya daɗe yana yawo kafin ya zauna a sama. Da ido za ka ga rabon kowanne.

Baƙar ƙasar fadama, da irin wadda ke wajen Numan da yankin Tafkin Chadi mai dararrashewa da rani, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Da damina tana kumbura ta ɗaga daɓe, da rani ta motse ta bar shi a rataye.

Sai ruwa, inda aka fi yin kuskure. Busasshiyar ƙasa ba ta dakuwa, wadda ta jiƙe sharkaf kuma tana lumewa ƙarƙashin inji kamar katifa. Damƙi ɗaya a hannu: ta dunƙule, ba ta ɗiga ruwa ba, ba ta ɓata tafin hannu da taɓo ba. Sake ta daga daidai ƙugu. In ta fashe gida biyu ko uku, ta yi. In ta watse kamar gari, a yayyafa ruwa a juya da shebur. In ta lafe a dunƙule, a baje ta ta sha iska. Masu aikin hanya suna auna wannan a ɗakin gwaji da gwajin Proctor, wanda wani injiniya a Amurka ya fito da shi a 1933, kuma yawanci ana neman ciko ya kai kashi 95 cikin 100 na iyakar dakuwar da aka samu a gwajin. Babban gini, ko ciko mai zurfi, lallai a yi wannan gwajin.

A zuba sahu-sahu, kowane sahu inci 6, wato santimita 15. Ni da alli nake ja wa lebura layi a jikin bulo, ba mai wuce layin. Ɗaki mai mita 4 da 4 da zurfin santimita 60 yana cin kubik mita 9.6 bayan an dake, kuma tun da kowane sahu raguwa yake yi, sai ka yi sahu biyar ka kuma sayi ƙasa da rara. A ɗauko hayar injin daɓe mai girgiza, ya bi kowane sahu sau huɗu zuwa shida, tsaye da kwance. In madaɓin hannu ne kaɗai, a rage sahun zuwa inci 4. Iyayenmu mata da ke daɓen ɗaki suna yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan suna bugu, aikin ke nan, nauyin da za a ɗora ne ya ƙaru.

Kusurwoyi da gefen bango da kewayen bututun ruwa, inda inji ba ya kai wa, nan nake tsayawa da kaina a buga da hannu. Kuma kafin a fara, a cike ramukan bulon harsashi da kankare, a bar shi ya yi ƙarfi aƙalla mako guda, don kada dakan ya ture bango.

Sahu ya daku idan ka taka da diddigen takalmi bai bar shaida ba, ka kuma danna guntun rodi da ƙarfinka ya ƙi shiga. In an kai sama, a fesa maganin gara, a shimfiɗa yashi kaɗan don tsakuwa kada ta huda ledar da ake shimfiɗawa don hana danshi hawa, a ɗora ledar gefe bisa gefe, sannan a kira masu kwaɓa kankare.