Darasi na 9: Idan babbar mota ta buge ka, kar ka yi saurin dangwala hannu

To iyayena da yayyena 'yan aji, yau kan titi za mu hau. Duk wanda ya taɓa bi ta Mararrabar Jos ko Tafa da daddare ya ga yadda tireloli ke jeruwa a bakin hanya har ba ka ganin ƙarshensu, ga tanka, ga tifar yashi, ga daf ɗin shanu mai tafiya kudu. Idan burki ya ƙwace wa irin waɗannan, wanda ya tsira da karaya ma hamdala yake yi. Amma karayar nan kuɗi take ci, kuma sau da yawa wanda aka buge shi ne mai ciyar da gida.

Na farko dai rai. A kai shi asibiti, ba a tsaya dukan direba ba, balle ƙona mota, don in kun ƙona motar ku ne za ku koma masu laifi kuma hujjarku ta zama toka. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda aka kawo cikin gaggawa.

Yayin da wasu ke rawar jiki da maras lafiya, mutum ɗaya ya tsaya ya rubuta lambar motar. Nan fa karatunku zai yi rana! Tirela kai daban bodi daban, to a duba gaba a duba baya, a rubuta sunan kamfanin da ke jikin ƙofa, mai waya ya ɗau hoto, a karɓi lambar wayar mutum biyu ko uku da abin ya faru a idonsu, ko da mai shayi ne ko mai faci. Sai a sanar da 'yan sanda na sashen haɗarin mota su zo su auna wurin su rubuta rahoto, don kamfanin inshora da kotu duk wannan rahoton za su fara tambaya.

Sai rasit. Wallahi a nan mutanenmu ke faɗuwa. Katin asibiti, hoton ƙashi, takardar magani, kuɗin jini, har kuɗin motar zuwa wankin ciwo, duk a zuba a leda ɗaya a ɓoye kamar takardar gona. Na san da yawa sun fi yarda da mai ɗori na gargajiya, ban ce komai a kan wannan ba, sai dai mai ɗori ba ya ba da takarda, to ko can ɗin za ku je ku fara bari likita ya gani ya rubuta irin raunin.

Wa zai biya? Mutane na ganin direba shi ne komai, shi kuwa direban wani lokaci ko kuɗin abincin hanya bai ishe shi ba. A shari'a idan direba ya yi ganganci yana cikin aikin uban gidansa, mai motar ko kamfanin ma alhakin na kansu. Bayan haka doka ta wajabta wa kowace mota da ke hawa titi inshorar wanda aka cutar. Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da inshora ta sa kuɗin na manyan motocin ɗaukar kaya naira 100,000 a shekara, kuma in motar ta lalata dukiyar wani, shago ko babur ko tumaki, ana iya biya har naira miliyan 5. Rauni da rasa rai lissafinsu daban ne, ba cikin wannan miliyan 5 ɗin suke ba. Takardun inshora na bogi sun yi yawa, amma kana iya danna *565*11# a waya ka sa lambar motar ka gani ko tata ta gaske ce.

Yanzu ga inda na fi so ku buɗe kunne. Kwana biyu da haɗari za a zo duba ka, wakilin mai mota da 'yan ƙungiyar direbobi, wataƙila har da wani dattijo da kake jin nauyinsa, a ajiye lemo da ɗan kuɗi a ambulan, a ce "Malam ƙaddara ce, a yi haƙuri," sai a miƙo takarda a ce dangwala a nan. Kai kuma kana cikin zafin ciwo ga kunya. Takardar nan tana iya cewa ka karɓi haƙƙinka duka ba ka da sauran magana, alhali likita bai ma gama sanin ko ƙafar za ta sake taka ƙasa ba. Bayan wata uku kuɗin ya ƙare, ana maganar tiyata ta biyu, mai mota ya daina ɗaga waya. Sulhu alheri ne, ba wanda ya ce a'a, kuma in ka ga dama ka yafe don Allah wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Amma karɓar diyya ba ƙin ƙaddara ba ne, addini da kansa ya yanka diyyar kisan kuskure da ta gaɓoɓi. Ka karɓi kuɗin magani in an ba ka, a rubuta cewa na magani ne, takardar rufe magana kuwa ka ce sai ɗanka ko lauya ya karanta maka.

Za ku ce ina talaka ina lauya. Akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta gwamnatin tarayya, tun 1976 take, tana da ofis a manyan biranen jihohi, kuma neman diyyar haɗari na cikin aikin da take yi kyauta ga mai ƙaramin ƙarfi. In lauya mai zaman kansa ne, wasu na yarda sai an ci shari'a su cire kasonsu, to a rubuta kason tun farko. Kar a yi nawa, shigar da ƙara na da wa'adi, a wasu jihohi shekara 3 ne, in kuwa motar hukuma ce yana iya zama wata 3 kacal.

Yaron mota da direban kamfani da suka ji ciwo a bakin aiki su ma suna da tasu hanyar, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, ta hannun asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, wato NSITF.

Aikin gida: kowa ya tsaya a gefen titi, nesa da kwalta don Allah, ya kwafo lambar manyan motoci uku a littafinsa, baƙaƙe da lambobi yadda suke. Ranar Asabar za mu karanta su a allo, sannan mu koyi rubuta wannan jimla: "Na karɓi wannan kuɗi na magani ne kawai."