Yadda Ma'aikacin Kwamfuta Zai Koya wa Kansa Lura da Ƙananan Abubuwa

Matasanmu da ke tasowa daga Agege, Idi-Araba ko Mile 12 a Legas su nufi Yaba da Ikeja neman aikin fasahar zamani sukan zuba ƙarfinsu duka a kan koyon rubuta manhaja da tara takardun shaida, kuma hakan ya dace. Sai dai abin da ke sa a yarda da ma'aikaci har a damƙa masa rumbun bayanan kamfani shi ne a ga idonsa na kama abin da wasu ke tsallakewa. Ana koyon wannan lura kamar kowace sana'a, kuma inda ya kamata ka fara shi ne bayanan da ke ratsa hannunka kullum.

Ka san siffar kowace lamba kafin ka taɓa ta. Lambar asusun banki a Najeriya alƙaluma 10 ce, BVN da NIN kowacce 11, lambar wayar salula ma 11 ce kuma da sifili take farawa. Idan ka buɗe jerin lambobin waya a Excel ka bar shi ya ɗauke su a matsayin lissafi, zai share sifilin farko ba tare da ya faɗa maka ba, sai 0803 ta koma 803, saƙon da aka tura wa dubban mutane kuma ya ƙi isa. Saboda haka ka umarci manhajar ta riƙe su a matsayin rubutu tun kafin ka shigar da su, bayan ka gama kuma ka ƙirga tsawonsu. Kwanan wata ma yana da nasa tarkon, domin 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris. Idan ka rubuta shekara, sannan wata, sannan rana, ka kashe gardamar.

Batun sunaye ya fi damuna, domin mu ya fi shafa. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a NIN, Mohammed a BVN, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya sa dattijo ya wuni a layin banki yana jiran gyara. Kada ka gyara wa kowa rubutun sunansa da ka. Ka kwafe shi yadda yake a takardarsa. Haka nan ka tabbatar rumbun bayanan yana kan UTF-8, wato tsarin adana haruffa da ke ɗaukar har da namu na Hausa, in ba haka ba haruffan ɓ, ɗ da ƙ za su iya rikiɗewa su zama alamar tambaya.

Ba kowane aiki ne ke buƙatar dogon nazari ba, amma duk umarnin da ba a iya janyewa, irin su sharewa ko sauya manhajar da jama'a ke amfani da ita, to a nan ne sauri ke haifar nawa. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke adana aikinsu a wurinsa, ya share bayanai a kan sabar (wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai) da ba ita ya nufa ba, da aka koma ga kwafin ajiya kuma sai aka tarar hanyoyin da aka dogara da su ba sa aiki, aka yi asarar bayanan kusan awa shida. Don haka kafin ka danna, ka karanta sunan sabar da bakinka, ka ba tagar sabar da jama'a ke amfani da ita launi dabam da ta gwaji a allon kwamfutarka, kuma ka fara neman a nuna maka layukan da umarnin zai shafa. Idan kana tsammanin 40 ka ga 40,000, ka janye hannunka. Kwafin ajiyar ma ka riƙa gwada dawo da shi lokaci-lokaci.

Kada ka dogara da ƙwaƙwalwarka a aikin da ake maimaitawa. A watan Agustan 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital da ke Amurka ya ɗora sabuwar manhaja a kan sabobi bakwai daga cikin takwas, aka bar ɗaya da tsohuwar, kuma cikin kimanin minti 45 ya yi asarar dala miliyan 440. Ka rubuta matakan aikinka a jere, ka riƙa sa alama a kan kowanne bayan ka kammala shi, sannan ka nemi abokin aiki ya duba, musamman a ranar da cunkoson gadar Third Mainland ya gajiyar da kai tun kafin ka isa ofis.

Idan matsala ta auku kuma, ka kwafo saƙon kuskuren harafi da harafi, ka rubuta abin da aka yi kafin ya bayyana da ainihin lokacin, kana mai tuna cewa yawancin sabobi da agogon UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, suke aiki, agogon Legas kuwa yana gaba da shi da awa ɗaya.