Yadda za ka gaya wa iyaye sakamakon WAEC bai yi kyau ba, ba tare da ka karya musu gwiwa ba

Sakamako ya fito, yara da yawa sun faɗi Lissafi, kai kuma shugaban makaranta ga ka riƙe da waya kana tunanin me za ka rubuta a guruf ɗin iyaye na WhatsApp. Yawancinmu sai mu tura hoton yara uku da suka kwaso A1 mu ce Alhamdulillah, sauran kuwa shiru. Wallahi wannan ba ya ɓoye komai, uba zai duba na ɗansa da kansa a intanet, daga ranar kuma ko gaskiya ka faɗa sai ya yi tantama.

Da farko ku zauna da malamai ku ƙirga tukuna. Nawa suka zana, nawa suka samu kiredit 5 har da Turanci da Lissafi tunda shi jami'a ke nema. Kiredit a C6 ya tsaya, don Allah kar a cusa masu D7 da E8 a lissafin don adadi ya kumbura.

Sai saƙon. Bayan sallama faɗi adadin kai tsaye, abin da ya yi kyau ma faɗe shi, amma da sunansa, misali Hausa da Biology sun yi kyau. Sannan dalili, nan ne ake yawan zamewa, a ɗora wa yara ko waya ko hukumar jarrabawa. In zango guda aka yi babu malamin Lissafi ka faɗa, ai yaran sun riga sun kai labari gida.

Ƙwarin gwiwar kuma yana cikin abin da za ku yi ne, lesin ɗin yamma ranar kaza, sabon malami zuwa wata kaza, gwajin mock kafin jarrabawa. Abin da ba ka da kuɗinsa kar ka yi alkawarinsa ko da ka haɗa da in sha Allah.

Sunan yaron da ya faɗi kada ya shiga guruf. Kira mahaifinsa gefe, "Alhaji, Lissafi ne ya riƙe shi, sauran ya ci", ka nuna masa akwai GCE da NECO ta masu zaman kansu, kuma jami'o'i da yawa na karɓar zama biyu, wato a haɗa sakamakon jarrabawa biyu, sai dai kwas irin likitanci sau da yawa zama ɗaya ake so.

A ƙasan saƙon sa ranar taron PTA, ranar kuma ka zo da takardar ƙirgan a hannu.