Gudawar rota da jijjigar yara: kurakuran da aka fi yi

Ƙwayar cutar rota, wadda Ruth Bishop da abokan aikinta suka gano a Ostareliya a 1973, tana kan gaba wajen haddasa mummunar gudawa da amai ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma a ƙasar Hausa ta fi ƙamari da hunturu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce haƙori ne, a sayo Flagyl a kemis, alhali maganin ba ya taɓa wannan ƙwaya. Abin da yaro ke buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari na ORS, fakiti ɗaya a cikin lita ɗaya daidai, tare da zinki na kwana 10 zuwa 14, ba tare da an yanke masa nono ba. Rage ruwan haɗin don ya fi ƙarfi ganganci ne, domin gishiri kan yi yawa a jini har ya jawo jijjiga.

A kan jijjigar ne aka fi ruɗewa. Yakan faru yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 3 ya yi kwana biyu ko uku yana gudawa marar tsanani, jikinsa ba zafi, maɗigarsa ba ta faɗa ba, sai kwatsam idanunsa su kafe, hannuwa da ƙafafu su sandare na ɗan lokaci, abin ya lafa, ya kuma dawowa a yinin. Likitocin Japan ne suka fara bayyana wannan yanayi a 1982, kuma galibin yaran na warkewa sarai. Saboda haka laƙaba wa yaro farfaɗiya da ɗora shi kan magani na shekaru kuskure ne, haka ma danganta abin da iska.

Sai dai ba a gida ake yanke hukuncin cewa jijjigar mai sauƙi ce. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau, da faɗuwar sukarin jini duk suna zuwa da wannan kama, kuma gwaji ne kawai ke rarrabe su. Ita kanta rota, ko da yake ba kasafai ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya riƙa tangaɗi, ko ya daina magana, ko barci ya danne shi a kasa tada shi. Kafin a kai asibiti, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko manja, kada a turara masa hayaƙi.

Ma'aikatan lafiya ma suna da nasu kuskuren, wato ɗora laifin jijjiga a kan wani nau'i guda na ƙwayar rota. Ana rarrabe nau'o'in ne da furotin biyu na ɓawon ƙwayar, VP7 mai ba da lambar G da VP4 mai ba da lambar P, shi ya sa ake da G1P[8] da G2P[4] da G9P[8], kuma masu P[6] sun fi yawa a Afirka fiye da Turai. An samu jijjiga tare da nau'o'i daban-daban, kuma sanin lambar ba ya canza komai a jinyar yaron da ke kwance. Amfaninsa na masu sa ido kan yaɗuwar cuta ne.

Daga nan ne wasu ke cewa rigakafi ba shi da amfani tunda nau'o'in suna da yawa, wanda ba haka ba ne. Rotarix, ɗaya daga cikin rigakafin rota, daga G1P[8] kaɗai aka yi shi, amma yana kare yara daga tsananin wasu nau'o'in, kuma bincike a Amurka ya nuna jijjigar da ke kai yara asibiti ta ragu da kusan kashi 20 cikin 100 a shekarar da ta biyo bayan rigakafin. Ghana ta fara bayarwa a 2012, Nijar a 2014, Najeriya kuma a 2022, inda ake ɗiga shi a baki a sati na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa. Uwar da aka ɗiga wa ɗanta na farko ta duba katinsa, ta koma a cika sauran biyun.