Yadda ake bin diddigin sunan launi a Turanci: misalin orange

Ɗalibin da ya yi karatun zaure a Sakkwato kafin ya shiga boko yana da sauƙi wajen gano asalin wasu kalmomin Turanci, domin ta hannun Larabawa suka isa Turai. Kalmar orange, wadda muke cewa ruwan lemo ko ruwan goro, ta isa misali.

Fara da tambayar ko sunan na launi ne tun fil azal, ko kuwa aro aka yi daga wani abu. A nan ɗan itacen ne ya riga launin samun suna, domin Turawan Ingila sun san kalmar tun wajen ƙarni na 14, amma sai a farkon ƙarni na 16 aka fara ganinta a rubuce da ma'anar launi. Kafin nan ja suke cewa, shi ya sa har yau mai gashi ruwan goro suke kiransa mai jan gashi.

Daga nan sai ka samu babban ƙamus mai kawo tarihin kalma, irin na Oxford, ka bi sawun da baya. Za ka tarar Ingilishi ya karɓo ta daga Faransanci, tushenta kuma naranj ne na Larabci, wanda ya fito daga narang na Farisanci, shi kuma daga naranga na Sanskirit, tsohon harshen Indiya. Lura da harafin nun na farko, wanda mutanen Sifaniya suka riƙe a cikin naranja, amma ya faɗi a bakin Faransawa saboda sun ɗauka na ƙaramar kalmar da ke gabatar suna ne.

Sai dai kada kamar lafazi ta ruɗe ka. Akwai gari mai suna Orange a kudancin Faransa, wanda gidan sarautar Holan ya samo sunansa daga gare shi, amma asalin sunan garin Arausio ne, ba ruwansa da lemo.

Kwatanta da namu kuma yana da amfani, tunda lemo ɗin kansa daga laimun na Larabci muka samo shi. A ganina ma ruwan goro ya fi dacewa da idonmu, domin lemon da ake fere mana a bakin kasuwa sau da yawa ɓawonsa kore ne shar, sai an yanka kansa launin ke bayyana.