Darasi na Bakwai: Gane Siririn Mazari a Bakin Kududdufi

Duk wanda ke zuwa kududdufi da damina ya san mazari. Sai dai mazari gida biyu ne. Akwai babba mai kauri da gudu, akwai siriri mai tashi a hankali cikin ciyawa. Yau kan siririn za mu tsaya.

Kada ku yi ƙoƙarin gane shi yana sama. Ku jira ya sauka a kan kainuwa ko ganyen bado, sannan ku dubi fukafukansa. Babban mazari yakan bar su a buɗe, biyu dama biyu hagu. Siririn kuwa haɗe su yake yi a bayansa, su kwanta tare da jikinsa. Sai ku dubi kansa. Idanun babban galibi a manne suke da juna, na siririn kuma nesa da juna, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan. Jikinsa dogo ne siriri kamar tsinken tsintsiya.

A duniya siririn mazari ya kai iri 3,000 ko kusa da haka. Mu dai iri huɗu kawai za mu koya.

Na farko shi ne mai shuɗin wutsiya. Masana suna kiransa Ischnura senegalensis, domin a shekarar 1842 aka bayyana shi a rubuce da sunan ƙasar Senegal. Tsawonsa wajen santimita 3 ne. Bayan namijin baƙi ne, gefen ƙirjinsa kore ko shuɗi-shuɗi, kuma dab da ƙarshen wutsiyarsa akwai ɗigon shuɗi mai haske. Wannan ɗigon shi ne shaidarsa. Macen ita ce mai rikitarwa: wata takan zo da ƙirji ruwan lemo tun tana sabuwar fitowa, in ta manyanta ta dushe, wata kuma sak namiji. Don haka mai koyo ya fara da maza, su ne masu launi bayyananne. Wannan iri ba shi da ƙyama, har ruwan da ya gurɓace yana zama. Ganinsa ba ya nufin ruwan na da tsabta.

Na biyu ba ya ɓuya. Namijin ruwan lemo ne tun daga ƙirji har wutsiya, idanunsa kore-kore. Sunansa Ceriagrion glabrum, kuma yana son ruwa mai yawan ciyawa.

Na uku sai an durƙusa. Dangin Agriocnemis ke nan, tsawonsu wajen santimita 2. Ƙasa-ƙasa suke tashi, cikin ciyawar da ruwa ya shanye gindinta, kuma da yawa daga mazansu bakin wutsiyarsu ja-ja ne. Mutum zai shekara yana wucewa ta wurin bai lura da su ba.

Na huɗu shi ne mai karya doka, shi ya sa nake so ku riƙe shi da kyau. Dangin Lestes in sun sauka ba sa rufe fukafukai gaba ɗaya, rabi-rabi suke barinsu, jikinsu kuma a rataye yake zuwa ƙasa. Wanda ake samu a ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama irin namu, Lestes pallidus, launinsa a dushe yake, tsakanin ruwan toka da ruwan ƙasa, yana son kududdufin da ke cika da damina ya ƙafe da rani. In fukafukai sun ruɗe ku, ku koma ga idanu, za ku same su a rabe.

Wani lokaci za ku ga biyu a haɗe suna tashi. Na gaba namiji ne, ya riƙe macen a bayan wuya da ƙarshen wutsiyarsa. Macen tana saka ƙwai a cikin karan ciyawar ruwa. 'Ya'yan a ruwa suke girma, da wasu 'yan abubuwa uku masu kama da ganye a wutsiya waɗanda suke numfashi da su, suna cin tsutsar sauro da sauran ƙananan ƙwari. Siririn mazari ba ya harbi. A hana yara tsinke masa fukafukai.

Ku je da hantsi, lokacin da rana ta ɗumama su. Ku zauna rana na bayanku, amma ku kula kada inuwarku ta faɗa kansu. Kuma ku tsaya a gaɓa, kada ku shiga ruwan, domin a irin wannan ruwa ake ɗaukar tsargiya.

Aikin gida: ku ɗauki littafi da fensir, ku rubuta ranar da kuka je da sunan wurin. Kowane mazari kuka gani, ku rubuta ko fukafukansa a rufe suke ko a buɗe, da launin wutsiyarsa. Mai waya ya ɗauko hoto, mu duba tare a aji mako mai zuwa.