Kurakuran da aka fi yi wajen gwada Windows, macOS da Linux

Kuskuren da ya fi yawa shi ne duba kuɗin babbar manhajar ita kaɗai. Sai ka ji ana cewa Linux kyauta, macOS kyauta, Windows ce kawai ta kuɗi. Gaskiya ne Microsoft na sayar da lasisin Windows 11 Home dala 139 a Amurka, amma yawancin mutane ba su taɓa biyan sa daban ba, domin an riga an cusa shi cikin kuɗin kwamfutar. Kyautar macOS kuwa sai ka mallaki Mac, tunda Apple bai yarda a ɗora ta a kan wata na'ura ba. Lissafin da ya dace ya haɗa kuɗin na'ura, manhajojin da za ka yi aiki da su, gyara, da shekarun da za ta yi maka.

Batun shekarun nan ne masu sayen kwamfuta ta hannu suke mantawa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma tana buƙatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, kuma galibin firosesocin Intel da suka girmi zubi na 8 ba sa cikin jerin waɗanda aka amince da su. Ga kasuwa cike da Core i5 zubi na 6 da na 7, masu kyan gani da araha. Mai shago zai iya ɗora wa irin wannan kwamfutar Windows 11 ta bayan gida, ta kuma tashi lafiya, sai dai Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da aiko mata da sabuntawa ba. Kafin ka biya, duba lambar firosesa. In kuma tsohuwar tana hannunka, nau'ikan Linux irin su Linux Mint ko Ubuntu LTS, mai tallafin shekara 5, za su ƙara mata kwana ba tare da ka kashe ko sisi ba.

Sai gardamar sauri, wadda kusan kullum ba a yin adalci a cikinta. A ajiye sabuwar MacBook kusa da tsohuwar HP mai faifan HDD da RAM 4GB, a ce Windows ce mai nauyi. Ai an haɗa doki da jaki tsere ne, aka ɗora wa sirdi laifi. Sa wa HP ɗin SSD, ma'ajiyar da ta fi HDD sauri, da RAM 8GB ka ga bambanci. Ko daɗewar batirin da ake yabon Mac da ita, yawancinta daga firosesocin Apple ne, waɗanda suka fara da M1 a 2020. Gwajin gaskiya a na'ura ɗaya ake yin sa: ana iya kunna Linux daga filas ba tare da an goge Windows ba, ko da yake daga filas ba ta kai saurinta na ainihi.

Masoya Linux na da hujjar da suke so: tun Nuwamba 2017, duk kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya ita suke amfani da ita, Android ma a kanta aka gina shi. Haka ne, amma wannan ba zai buga wa mai shagon buga takardu katin biki ba. CorelDRAW, Photoshop da AutoCAD ba su da na Linux. LibreOffice, manhajar ofis ta kyauta da ke aiki a Linux, na buɗe takardun Word, amma wani lokaci tsarin shafi yakan goce. Birnin Munich na Jamus ya mayar da dubban kwamfutocin ofisoshinsa kan Linux, sannan a 2017 majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows, duk da cewa siyasa ma ta taka rawa. Don haka fara rubuta manhajojin da kake cin abinci da su, sannan ka nemi wadda za ta ɗauke su.

Na ƙarshe, cewa Mac da Linux ba sa kamuwa da bairos. Suna kamuwa, an dai fi kai wa Windows hari saboda yawan masu ita. Haɗarin ya fi yawa ga mai amfani da Windows ta sata, wadda aka kashe wa Defender, manhajar kariya daga bairos ta Windows, don manhajar fasa lasisi ta samu shiga.